Kafaɗar Baba

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina fata kana lafiya, kai da Baba da Goggo. Ni ma lafiya lau, in ban da ciwon bayan nan na ɗaga marasa lafiya, wanda ya riga ya zama ɗan gida. Asibitin yana nan yadda na sha ba ka labari: dutse gaba, dutse baya, waya ba ta kamawa sai na shiga gari, garin kuma sai ƙarshen wata. Direban motar magani ne zai kawo maka wannan takarda. Ka karanta ta a waje. Tun da idon Baba ya tafi kunnensa ya ƙara kaifi, ko leɓe ka motsa sai ya ji.

Shekaranjiya na shiga gari na kira Goggo, ta gaya mini abin da kai ka ɓoye mini. Wai Tsinke ya shiga rediyo. Tsinke! Wanda ya zo shagon Baba ko zare bai iya zurawa a allura ba, ya ci a kwanonmu, Baba ya riƙe masa hannu ya koya masa riƙon almakashi. Wanda da idon Baba ya fara dushewa ya kwashe kwalayen yankan kwat gaba ɗaya, wai zai adana su kada gara ta ci. Yau ya yi shago mai gilashi, ya manna tambarinsa a wuyan kowane kwat, har ana tambayarsa wa ya koya masa. Goggo ta ce cewa ya yi, "Ni na koya wa kaina. Inda na zauna ina yaro, buhu kawai ake ɗinkawa." Ta ce mai hirar har da dariya, Baba kuma yana zaune da rediyon a kan cinyarsa.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, wannan mun daɗe da haƙura da shi. Amma ya haɗa mana da zagi? Wallahi ba zan haɗiye ba.

Ga abin da nake so. Kai ne kullum a bakin titi kana ɗaukar hoton 'yan gayu, an ce duk wanda ya ci ado a garin nan sai ya bi ta gabanka. To ka tsare shi. Na ji ya yi tumbi, kiransa Tsinke ma yanzu ƙarya ce. Ka ɗauke shi baki buɗe, ko yana sosa inda ba a sosawa a gaban mutane, ka sa a shafinka duk gari ya yi dariya yadda mai rediyo ya yi. Rama cuta ga macuci ibada ne. Kada ka manta da albashina na farko na saya maka kyamarar nan, ban taɓa neman komai a kanta ba sai yau.

Na sako man shafawa a cikin leda, ka riƙa murza wa Baba a kafaɗa.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, saura kaɗan ta ƙona mini yatsu. Muna lafiya. Goggo tana nan da ƙafarta da bakinta, ƙafar ce kawai ta rage gudu. Baba yana cin abinci kaɗan-kaɗan, man ya yi masa amfani, yana sa miki albarka. Rediyon kuwa ya miƙa wa Goggo ya ce ta fitar masa da shi daga ɗaki, bai ƙara tambayarsa ba. Ban ɓoye miki don raini ba. Na san halinki ne, za ki iya barin allura a jikin mutum ki hawo mota.

Ina zaune aka yi hirar. Hannu kawai Baba ya kai ya dafa kafaɗarsa ta dama, wadda keken ɗinki ya sauke tun shekarun da yake yawo da shi gida-gida kafin ya sami shago. Kin san ba ni da saurin fushi kamar ke, amma da na ga Tsinke a ranar da na fasa masa kyamarar a ka, in ya so ki sayo wata.

Sai dai hoton da kike so ba zan ɗauka ba, ki tsaya ki ji dalili kafin ki yage takardar. Ba ki taɓa ganin inda nake aiki ba. Wani shuɗin bango ne na tsohon gidan buga takardu da aka rufe, an ja masa farin layi daga wannan kusurwa zuwa waccan, daidai kafaɗar mutum. Da la'asar rana takan bugi gilasan benen da ke tsallake ta dawo kan bangon a tausashe, ko wanda bai yi wanka ba sai ya yi kyau. A nan nake tsayawa. In na ga wanda shigarsa ta yi mini, sai in yi masa sallama in roƙe shi. In ya yarda in ɗauka, in juya masa kyamarar ya zaɓi wanda yake so, sauran in goge a gaban idonsa. Kowa yana da hoton da ido ya rufe baki ya karkace, har ke. Mutane suna tsaya mini ne don sun san irin wannan ba ya kwana a wurina. Akwai wani malamin makaranta da yake bi ta nan duk mako, in ya tsaya sai ya ce, "Mai hoto, na ba ka amanar fuskata." Shekarun da na yi ina gina wannan ba zan zubar da su a kan tumbin Tsinke ba. Kuma hoton tumbi dariyar yini ɗaya ce, ba zai dawo wa Baba da sunansa ba.

Abin da na fara shi ne, duk wanda ya biyo da kwat ɗin Tsinke ina tsayar da shi. Suna da yawa, abin ya zama yayi, har malamin nan ya sayi nasa. Ina so kowa a cikinsu ya san hanyar bangona. Shi kansa ya aiko an yi mini godiya, na ce a gaya masa ba komai, yi wa kai ne. Ki ba ni lokaci.

Ƙanenki.

*

Auta,

Sallama dai don ta zama dole. Ina fata Baba da Goggo suna lafiya. Kai kuwa na san lafiyarka ƙalau, na gani da idona.

Na yi ta jiran takarda ta biyu da za ta fassara mini ta farko, shiru. Motar magani ba ta zo ba, kai ma ba ka nemi wata hanya ba. Wannan wata abokiyar aikina ce za ta jefa mini ita a gidan waya.

Na shiga gari na buɗe shafinka. Na yi ta ja da yatsa har ya yi zafi: kwat ɗin Tsinke sama, kwat ɗin Tsinke ƙasa. Wannan ya sa hannu a aljihu, wancan ya jingina da bango, duk sun yi kyau kamar angwaye. A ƙarƙashin kowane hoto mutane suna tambayar ina ake samun wannan ɗinki, shi kuma yana amsa musu da kwatancen shagonsa. A shafinka, Auta! A cikin kantin da na zauna na fashe da kuka, mai kantin har ya kawo mini ruwa, ya ɗauka rasuwa aka yi mini.

Na dawo na sake karanta takardarka. "Ina so kowa a cikinsu ya san hanyar bangona." "Yi wa kai ne." Ashe gaskiya ka faɗa mini ƙiri-ƙiri, ni ce sakarya ban gane ba. Amanar fuskar malamin makaranta ka iya riƙewa, ta uban da ya haife ka kuma ka sayar da ita. Tsinke da ya ci amana, shi dai ba jininmu ba ne.

Na kira Goggo na gaya mata, na ce ta gaya wa Baba. Gara ya ji a bakin nasa da ya sake ji a rediyo. Ka naɗe kyamarata ka ba Direba duk ranar da ya zo, gara in rataye ta a ƙusa ƙura ta cinye ta. Zan nemi hutu in zo da kaina, Tsinke ya san Baba ya haifi 'ya.

Yayarka, ko da ba ka ɗauke ni haka ba.

*

Yaya ta kaina,

Assalamu alaikum. Ban jira amsar takardata ba, maganar ta ƙi zama a cikina. Muna lafiya, Baba jiya har ya yi wa Goggo tsiya a kan gishiri. Yanzu zan kai wa Direba wannan, ya ce gobe zai taso.

Na tabbatar da wani abu da nake zargi, ban faɗa miki a waccan ba don ina tsoron idona ne yake yi mini wasa. Wata la'asar na gama ɗaukar wani ma'aikacin banki mai sanye da kwat ɗin Tsinke, muka yi sallama ya juya ya tafi. Ina goge gilashin kyamara na ɗaga kai. Baba na gani yana tafiya. Baba na da, mai ido, kafaɗar dama a sauke, kai ya ɗan karkata. Saura kaɗan in ƙwala masa kira, alhali mutumin nan ko furfura ɗaya ba shi da ita.

Daga ranar na sa ido. A gaban kyamara kowa yana gyara tsayuwa. Sai ya juya baya ya saki jiki, sannan kwat yake yin yadda ya ga dama da shi. In na ɗan durƙusa ko na ɗaga kyamara har farin layin ya zo daidai kafaɗar hagu, sai ta dama ta faɗo ƙasa da shi. Dogo, gajere, mai jiki, siriri, muddin tambarin Tsinke ne a wuyansa.

Na je ina murza wa Baba man, na tambaye shi kamar da wasa a jikin wa ya auna kwalayen nan. Ya ce, "A jikin wa kuwa? Lokacin ina da wanda zai tsaya mini ne? Jikina na auna." Na ce to ai kafaɗarka ɗaya ta sauka. Ya yi dariya ya ce, "Shi ya sa ban taɓa bin kwali da almakashi ba. In na shimfiɗa shi a kan yadi sai in ɗaga dama da alli, gwargwadon mai rigar." Na ce Tsinke ya san haka? Ya ce, "Wannan? Kullum in ina jan alli yana gaban madubi yana taje kai."

Kin gane, Yaya? Ya saci kwali, bai saci alli ba. Kowane kwat da ya fito daga shagon gilashi don jikin Baba aka yanka shi. Yana matse mai shi a dama, sai ya sauke kafaɗar don ya ji sauƙi, bai ma san ya yi ba. Rabin 'yan gayun garin nan tafiyar mai ɗinkin buhu suke yi.

Hotunan da za ki gani a shafina hatsin tarko ne. Ni nake sa su jingina ko su sa hannu a aljihu don abin ya ɓuya, su yi kyau, su turo 'yan uwansu. Sai sun zaɓi nasu sun juya, sannan in ɗauki na biyu, wanda ba na nuna wa kowa. Ban taɓa ɗaukar mutum bai sani ba sai yanzu. Amma baya ba shi da fuska, ba wanda zai gane kowa. Kada ki gaya wa Goggo komai, kin san bakinta.

Autanki.

*

Autana,

Assalamu alaikum, in za ka amsa. Yaya jikin Baba? Yau motar magani ta iso bayan ta daɗe kwance a gareji. Direba ya zaro takardarka daga aljihun mota, duk ta sha baƙin mai. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tawa ta riga ta tafi, bakina kuma ya riga ta isa. Da-na-sani ƙeya ce. Ka riƙe kyamararka, ka yi haƙuri da Yayarka. Ba zan iya warware abin da na ƙulla ba sai na sake shiga gari, ka ga yadda Allah yake horon mai saurin baki.

To amma kunya daban, daɗi daban. Ya saci kwali bai saci alli ba! Na shiga ɗakin magani na rufe ƙofa na yi dariya har na riƙe ciki. Ni ina neman hoton tumbi, ashe kai rijiya kake haƙa masa. Kada ka tausaya. Kada ka tsaya tunanin wa zai ji haushi, su ba su tuna da Baba ba da suke zuba ado da guminsa. Ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Ka buga su manya-manya, yadda ko mai ciwon ido zai gani daga tsallaken titi.

Ka tuna hoton farko da ka ɗauka ranar da na kawo maka kyamarar? Ka matsa wa Baba sai da ya ɗauko tsohon keken ɗinkin ya saɓa, yana ta faɗa wai ana ɓata masa lokaci, ya juya maka baya don haushi, ka ɗauke shi a haka. In hoton yana nan, ka san inda za ka sa shi.

Yayarka mai ɗanyen kai.

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Takardunki biyu sun same ni, mai zafin da mai sanyin. Jikin Baba lafiya. Amma tun ranar da Goggo ta isar masa da saƙonki ya daina yi mini magana. In na yi sallama sai ya juya ya amsa wa bango. Man ma ya ce Goggo ta riƙa murza masa. Na so in yi bayani, sai na ga in na faɗa a gidan nan da safe, kafin la'asar maganar ta kai shagon gilashi. Na haɗiye, amma abin ya ci ni. Ban yafe miki ba tukuna, ina dai hanya.

Ranar Asabar da safe na yi aikin. Na buga hotunan manya, na manna su a jere a jikin bangon, na daidaita farin layin da ke cikin kowane hoto da na bango, ya zama layi ɗaya ya ratsa su duka. Bayan mutane ne kawai, kowa da kafaɗar dama a ƙasa. A tsakiya na sa Baba da kekensa, yadda kika ce. A ƙarƙashinsa na rubuta: "Wannan kafaɗar mahaifina ce. Keken ɗinki ne ya sauke ta. A jikinsa ya auna kwalayen da aka ɗauke masa. Duk mai kwat daga shagon gilashi ya juya ya duba madubi."

Kafin azahar titin ya toshe. Da kin gani! Wata mata ta kama mijinta tana juya shi kamar mai cinikin rago, tana cewa, "Ni ai na daɗe ina ce maka ka miƙe, ashe ba kai ba ne." Samari suna tsayar da juna a jikin layi suna awo. Wani babban mutum ya sulale kwat ɗinsa ya ninke a hammata, ya wuce yana kallon sama. Mai hirar rediyon ma ya zo ya miƙo mini abin magana. Na ce ba ni za ka tambaya ba, ga kwatancen gidanmu, in ka isa ka ce kana neman mai ɗinkin buhu.

Da yamma aka ce layi ya kai bakin titi a shagon gilashi, kowa da kwat a hannu. Tsinke ya fito yana gumi ya ce ai da gangan ne, sabon salo ne ya ƙirƙiro. Wani daga cikin layin ya ce, "To shi tsohon a wane shago ya sayi tasa kafaɗar?" Aka kwashe da dariya, ya koma ciki ya sa aka sauke labule.

Goggo ce ta kai labari gida, ƙafar nan da ta rage gudu ranar ta tuna da ƙuruciya. Da na shigo na yi wa Baba sallama, har na fara juyawa zan fita. Sai ya ce, "Auta, zo ka murza mini man nan. Hannun Goggonka kamar na mai wanki." Na durƙusa ina murzawa ina hawaye, bai ce ya ji ba.

Ƙanenki.

*

Auta,

Wa'alaikumus salam da babbar murya! Ina lafiya, ciwon bayan ma ya gudu. Na karanta wa abokiyar aikina takardarka har ta haddace maganar mutumin layi. Allah ya yi maka albarka, ka haifu.

Amma ban ƙoshi ba. Tsinke ya zo gidan? Ya durƙusa? In bai zo ba ka jira, zai zo, wa yake da shi da zai gyara masa? Ranar ka rataya kyamara a wuya, kada ka ce mini komai a kan amana. Kuma ba ka ba ni labarin bangonka ba. Yanzu ai sai ka ɗauki mai tsaron layi, ko?

Yayarka.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Baba yana cinye kwanonsa har ya nemi ƙari, Goggo ta ce an dawo mata da wahala.

Tsinke ya zo. Da rana tsaka, da kwat ɗaya a hannu, ya bar motarsa can nesa don kada a gane. Ya tsuguna a bakin ƙofar ɗaki ya ce, "Baba, ka rufa mini asiri. Na ƙara soson kafaɗa, na rage soso, na farke na sake haɗawa, abin sai ƙara karkacewa yake yi. Ka nuna mini inda ake ɗagawa, wallahi zan koma rediyo in faɗi gaskiya."

Baba ya ce a miƙo masa kwat ɗin. Ya shimfiɗa shi a cinya ya bi shi da yatsu tun daga wuya har ƙasa, ya daɗe a kan kafaɗar dama. Sai ya ce Goggo ta kawo alli. Yaya, na ce a raina shi ke nan, tsoho zai yafe, duk wahalata ta tashi a banza. Tsinke har ya matso ya zuba ido, abin da bai yi ba duk zamansa a shago. Baba ya karɓi allin, ya juya shi a tsakanin yatsu, ya shinshina shi, sannan ya jefa shi a aljihunsa. Ya ninke kwat ɗin da kyau ya miƙa masa.

Ya ce, "Yaro, ka yi ɓatan hanya. Nan buhu ake ɗinkawa."

Kyamara tana wuyana. Bakin Tsinke a buɗe, tumbi a kan gwiwa, gumi yana ɗiga daga haɓa, daidai yadda kika yi oda tun farko. Na ɗauka. Ga shi nan cikin ambulan, guda ɗaya na buga na goge sauran. Naki ne, ki yi yadda kika ga dama da shi.

Kin tambayi bango. Ba na bukatar mai tsaron layi, Yaya, don ba layi. Na ce miki baya ba shi da fuska, ashe ni kaɗai na yarda da haka. Kowa ya gane bayan mijinta, bayan maigidansa, bayan wanda yake jin haushi. Malamin makarantar nan ɗalibansa sun gane shi tun ranar farko, yanzu in ya juya zai yi rubutu a allo sai duk aji su sauke kafaɗar dama. Ya zo ya same ni, bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Cewa ya yi, "Mai hoto, na ba ka amanar fuskata. Ban san sai na ba ka ta ƙeyata daban ba." Ya tsallaka titi ya tafi.

Yanzu in na ɗaga kyamara mutane sauya hanya suke yi. Wanda ya zama dole ya bi ta jikin bangon sai ya wuce a karkace yana fuskantata, kamar mai wuce kare. Hasken la'asar yana zuwa yadda ya saba, ya sauka a kan bango ba kowa, in tsaya in kalle shi har ya tafi. An ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, ni kuwa na gina nawa da zurfi, ƙafata ɗaya tana ciki. Abin yana yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Amma kada ki ɗauka nadama nake yi. Da za a maido ranar, da na ƙara girman hotunan.

An ce akwai wani bango a can ƙarshen gari, wajen tashar jirgin ƙasa, inda ba wanda ya san ni. Zan je in duba yadda rana take faɗa masa, in fara roƙon mutane daga farko.

Mai hirar ya zo gida ya daɗe da Baba, ya ce jibi za a sa hirar a rediyo. Jiya Baba ya ce Goggo ta dawo masa da rediyonsa, ta kuma sa masa sabon batir.

Autanki.